Harsashin sake-ɗuri mai araha: a saya ko a bari?

Ɗan Gusau: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar manya nake nema. Ranar Asabar na je baje-kolin bindigogi a nan Houston, na tarar da wani mutum ya cika tebur da harsashin 9mm a ƙulle cikin leda, irin wanda ake tsince kwanso, wato ɓawon harsashin da aka riga aka harba, a filin harbi a sake ɗura masa albarushi. Ya ce 1,000 dala 190. Sabo na kwali kuwa mafi arahar da na samu a intanet dala 240 ne, ban da kuɗin kawowa. Wata uku ke nan da na sayi bindigata, kuma malamin da ya koya mana ya ce wanda ba ya zuwa atisaye a kai a kai gara ma bai saya ba. Duk zuwan da zan yi sai na ƙona 150, abin ya fara yi wa aljihu nauyi. Na karɓi katin mutumin, na ce zan kira shi. In saya?

Sarkin Zaure: Wa alaikumus salam. Tambaya ta yi kyau, masu ita suna nan. Tsohon Soja, Injiniya, bismillah.

Tsohon Soja: Ƙanena, kafin komai amsa min abu uku. Akwai sunan kamfani da adireshi a jikin ledar? Akwai lambar rukuni, wato lambar da ke nuna rana da injin da aka yi su? Ka tambaye shi lasisinsa?

Ɗan Gusau: Babu ko ɗaya, Baba. Takarda ce kawai ya rubuta "9mm 115" da alƙalami ya jefa ciki. Ya ce shi da kansa yake yi a garejinsa, shekara 20 yana yi.

Tsohon Soja: To yaga katin nan. Ba na tsayawa dogon bayani a kan irin wannan. A dokar tarayyar Amurka mutum yana iya ɗura harsashi don amfanin kansa, babu mai tambayarsa. Amma wanda ya mayar da shi sana'a yana sayarwa, dole ya riƙe lasisin ATF, hukumar da ke kula da harkar bindigogi, wanda ake kira nau'i na 06. Mai gareji ba shi da lasisi, ba shi da inshora, in bindiga ta fashe maka a hannu ba ka da wanda za ka kama. Mako mai zuwa yana wani gari da wani tebur.

Injiniya: A kan mai gareji ina tare da Baba ɗari bisa ɗari. Ni kaina ina ɗura nawa shekara takwas ke nan, amma ban taɓa sayar wa kowa ba, kuma ba na harba ɗurin wani ko ɗan uwana ne. Sai dai kada mu haɗa komai a tukunya ɗaya. Akwai ɗurin gida, akwai kuma na kamfanoni masu lasisi da ke sayen kwanso buhu-buhu daga filayen harbi da wuraren atisayen 'yan sanda. Su suna wanke kwanson, inji ya tace mai tsaga, a matse shi ya koma asalin girmansa, a sa sabuwar furaima, sabon albarushi, sabon kai, wato ɗan ƙarfen da ke fita in an harba. Kwanson ne kaɗai tsoho. Kamfanin Black Hills da ke South Dakota da irin wannan ya yi suna, har aka riƙa bambanta kayansu da launin kwali, shuɗi na sake-ɗuri, ja sabo. Don haka ba daidai ba ne a ce duk sake-ɗuri shara ne.

Ɗan Gusau: Injiniya, mece ce furaima? A yi haƙuri, sabo ne ni.

Injiniya: Babu komai. Juya harsashi ka dubi gindinsa, za ka ga wani ɗan ƙaramin maɓalli a tsakiya. Shi allurar bindiga ke bugawa, ya yi tartsatsi, albarushi ya kama. Abu huɗu ne harsashi: kwanso, furaima, albarushi, kai. Duk matsalar da za a faɗa maka a zauren nan daga ɗayansu ta fito.

Ɗan Maraɗi: Ku bar ni in ba da nawa labarin, don ni gani na yi ba ji ba. A 2021, lokacin da harsashi ya yi wuya har mutane na layi tun asuba a ƙofar shago ana ba kowa kwali biyu, na yi odar 500 na sake-ɗuri daga wani ƙaramin kamfani a intanet. Ba zan kama suna ba. Kwali mai kyau, da tambari da komai. Na kai 200 lafiya lau. Ranar da abin ya faru ina wani fili na cikin ɗaki a nan Greensboro, na harba uku, tau, tau, tau, na huɗu sai na ji "fus", kamar an buɗe kwalbar lemo. Bindigar ba ta yi shuri ba, silaid, wato saman bindigar da ke zamewa, bai koma baya ba, wani ɗan hayaƙi baƙi ya fito ta gefe. Ni kuma abin da aka koya min shi ne in bindiga ta ƙi tashi, ka bugi gindin magazin, wato gidan harsashi, ka ja silaid, ka ci gaba. Na buga, na ja, kwanso ya faɗo duk ya yi baƙi, wani harsashin ya hau. Yatsana na kan hanyar kunama sai na ji hannu a kafaɗata. Dattijon da ke kula da filin ne, ya ce in ajiye, kada in taɓa. Ya cire magazin, ya fitar da na ciki, ya kwance bindigar, ya ɗaga bututun saitin fitila ya ce in leƙa. Duhu. Babu haske ko kaɗan. Ya ɗauko wata 'yar sanda ta tagulla da ƙaramar guduma, ya yi ta ƙwanƙwasawa a hankali har kan harsashin ya faɗo a kan tebur, da zanen bututu a jikinsa. Bai wuce inci ɗaya da shiga ba. Injinsu ya tsallake wannan bai zuba masa albarushi ba, ƙarfin furaima kaɗai ya tura shi ya maƙale. Da na harba na bayansa, Allah kaɗai ya san abin da zai samu hannuna da fuskata. Na fi minti 10 a mota ban iya tuƙi ba. Har yanzu kan nan yana cikin aljihun jakata.

Maman Hanifa: Innalillahi. Allah ya tsare gaba.

Ɗan Gusau: Subhanallah. Wallahi da ni ne da na harba, don abin da aka koya mana ke nan mu ma.

Tsohon Soja: Shi ya sa nake ce wa duk wanda na kai fili, kunnenka da hannunka su ne masu gadinka. Ƙarar da ta bambanta, ko shuri ya yi rauni, ko ba ka ga rami a jikin takarda ba, tsaya cak. Cire magazin, fitar da na ciki, kwance, leƙa bututu. Buga-ja-harba na lokacin da kunama ta yi "ƙyas" kawai ne, babu ƙara ko kaɗan. Ko shi ma a fili ka riƙe bindigar tana kallon gaba kamar daƙiƙa 30 kafin ka buɗe, don akwai furaimar da ke jinkirin kamawa.

Ɗan Maraɗi: Kuma a jiharmu ta North Carolina irin wannan ya taɓa kashe mutum sananne. Brandon Lee, ɗan Bruce Lee, a Wilmington ya rasu ranar 31 ga Maris 1993, yana da shekara 28, suna tsakiyar ɗaukar fim. Ma'aikata sun yi harsasan ado da hannunsu, suka zubar da albarushi amma suka bar furaima da ranta. Aka ja kunama a kan ɗaya, kan ya shige bututun libarba, bindigar hannu mai gidan harsashi da ke juyawa, ya zauna, babu wanda ya leƙa. Daga baya aka sa harsashin da ba shi da kai, mai ƙara kawai, ƙarfinsa ya fitar da wancan ya same shi a ciki.

Injiniya: Gaskiya ne. Amma in faɗi abin da wasu ba sa son ji: sabon harsashi na manyan kamfanoni ma yana yin haka, shi ya sa lokaci-lokaci za ka ga sun fitar da sanarwa a dawo da rukuni kaza. Bambancin shi ne yawan faruwa, da kuma cewa su in ya faru suna da lambar da za su bi su gano sauran. Darasin leƙa bututu na kowa ne, ko me ka saya.

Wanda ni ya fi ba ni tsoro ma kishiyar na Ɗan Maraɗi ne, wato a zuba albarushi sau biyu. Ƙungiyar SAAMI, wadda masu ƙera makamai na Amurka suka kafa a 1926, ita ke fitar da iyakar matsin da kowane harsashi zai haifar. A ma'aunin matsi na psi, na 9mm 35,000 ne, mai alamar +P, wato mai ƙarin ƙarfi, 38,500. Na wasu irin harsasan, .45 ACP 21,000, .38 Special 17,000. To waɗannan biyun na ƙarshe kwansonsu na da faɗin ciki, albarushin da suke ci kaɗan ne. A zuba sau biyu kwanson zai ɗauka, a ɗora kai a rufe, ido ba zai gane ba. A 9mm kwanson ƙarami ne, sau da yawa ɗuri biyu yakan cika har ya zube a gani, amma ya danganta da irin albarushin. Kamfanin kirki yana da na'ura a kan injinsa da ke auna tsayin albarushi a kowane kwanso, ta tsayar da aiki in ta ga ya gaza ko ya wuce. Tambayar farko da nake yi wa kamfani ke nan kafin in saya.

Ɗan Zango: Salamu alaikum yayyena. Ni na ji an ce ka sayi ƙaramin sikeli ka auna su ɗaya-ɗaya, wanda ya yi nauyi ko sako-sako ka ware. Yana aiki?

Injiniya: Ba ya aiki, kuma yana da haɗari don yana sa mutum ya saki jiki. Albarushin da ke cikin 9mm 'yan giren ne kawai, giren ɗaya kuwa kashi ɗaya cikin 7,000 na fam na awon nauyi ne. Kwanson sake-ɗuri gauraye yake, wani na Winchester, wani na Federal, wani na Koriya, kowanne da kaurinsa. Bambancin nauyin kwanso da kwanso yana iya kai nauyin albarushin gaba ɗaya. Sai ka auna wanda babu komai a ciki ya yi daidai da mai lafiya.

Abin da ido da hannu ke iya kamawa daban ne, kuma shi nake yi wa duk kwalin da ya shigo gidana. Ina zube su a kan farin tawul ƙarƙashin fitila. Ina duba bakin kwanso ko akwai tsaga, don tagulla tana taurarewa in an yi ta matsa ta. Ina shafa gindi da ɗan yatsa, furaima ta zama daidai da gindin ko ta ɗan nutsa. Wadda ta turo waje, ko ta shiga a karkace, ko a juye, gefe. Ina jera su a tsaye in duba tsayi. In ɗaya ya fi sauran gajarta, kan ya nutsa ciki ke nan, kuma nutsewar kai tana rage wurin da albarushi zai ƙone, matsi ya yi sama sosai. Ina ɗaukar 10 daga ciki in danna kansu a jikin katako da ƙarfin babban yatsa, in ko ɗaya ya motsa, rukunin duka ba na yarda da shi. Na ƙarshe, in tabbatar bindiga babu komai, in kwance ta, in riƙe bututun shi kaɗai a hannu, in riƙa jefa harsashi a mazauninsa. Mai lafiya zai faɗa da kansa ka ji "ƙwal", ka juya bututun ya faɗo da kansa. Wanda sai ka tura, ko ya maƙale, ba ya shiga magazin ɗina. Akwai ɗan ƙarfen awo da ake sayarwa don wannan aikin, bai kai kuɗin kwali biyu ba.

Ka kuma karanta rubutun gindi. Kwanson .380 yana kama da na 9mm, milimita 17 ne shi, na 9mm 19, kuma yana ɓuya a cikin tsince-tsincen fili.

Tsohon Soja: Ka ji fa aikin da ake yi don a rage dala 40 ko 50. Injiniya, kai wannan sha'awarka ce, kana jin daɗinsa. Shi yaron nan babbar mota yake ja, in ya dawo gida barci yake nema. Kuma akwai abin da ba wanda zai gani da fitila: sau nawa aka harba kwanson nan kafin ya zo hannunka? Kamfani zai rubuta "sau ɗaya", amma daga ƙasa aka share shi. 'Yan gasa akwai masu cika 9mm fiye da ƙima, su harba su bar kwanson a nan don sun san ya gama aiki. Tsintsiya ba ta bambancewa.

Injiniya: Wannan ba ni da amsarsa, Baba. Gaskiyarka ce.

Alhajin Atlanta: Ni dai zan faɗi abin da na gani. Shekara shida ina sayen sake-ɗuri daga kamfani ɗaya mai lasisi a nan kusa da mu, ina zuwa har wurinsu in ɗauka, na san fuskokinsu. Na harba dubbai. Abin da na samu bai wuce 'yan ƙin tashi ba, sai kuma datti, don albarushinsu yana baƙanta bindiga fiye da sabo. Amma .45 nake harbawa, da .38 a libarba. A nan ragin yake da kauri, mutum ya san ya rage wani abu. A 9mm ban ga dalili ba. Shi ne harsashin ƙaramar bindiga da aka fi yi a duniya, tun zamanin Georg Luger a farkon ƙarni na 20, sojojin NATO ma shi suke ɗauka. Kamfanoni suna ta gasa a kansa, sabon ma araha ne. In bambancin bai wuce santi 4 ko 5 a kan kowane ɗaya ba, ɗauki sabo ka huta.

Ɗan Gusau: Ranka ya daɗe, wane sabon kuke ba da shawara? Sunayen sun yi min yawa.

Alhajin Atlanta: Na atisaye, duk wanda ka samu da sauƙi cikin waɗannan: Blazer Brass na CCI, American Eagle na Federal, PMC na Koriya ta Kudu, Magtech na Burazil, Fiocchi na Italiya, Sellier & Bellot na ƙasar Cek. Wannan na ƙarshen tun 1825 suke sana'ar. Ka sayi akwati na 1,000 maimakon kwali-kwali, ka jira lokacin ragi irin na ƙarshen Nuwamba. Kai mai nauyin giren 115 ya fi araha, ni na fi son 124, shurinsa ya fi laushi a hannuna. Fara sayen kwali ɗaya-ɗaya na iri uku ka ga wanda bindigarka ta fi so.

Ɗan Zango: Blazer mai kwanson alminiyam fa? Na ga ya fi na tagulla sauƙi.

Tsohon Soja: Sabo ne, na kamfani ne, harba abinka. Ba a sake ɗura shi ne kawai, shi ya sa suka buga NR a gindinsa. Wasu filayen ba sa son sa don yana gauraye musu tagullar da suke sayarwa, ka tambaya kafin ka je. A da akwai na Rasha mai kwanson ƙarfe, Tula da Wolf, su ne abincin talaka. Tun Satumban 2021 gwamnati ta daina ba da sabon izinin shigo da harsashin Rasha, shi ya sa ya yi ƙaranci. In ka ci karo da irinsa, kai maganaɗisu kusa da kan. In ya kama, yawancin filayen cikin ɗaki ba za su bar ka ka harba ba.

Sannan, Ɗan Gusau, buɗe littafin da ya zo da bindigarka. Glock da Smith & Wesson, duk sun rubuta cewa ɓarnar da sake-ɗuri ya jawo ba ta cikin garantinsu. Bindigarka wata uku gare ta. Kada ka zubar da garanti saboda leda.

Injiniya: Ƙari a kan maganar Baba, masu .40 S&W su fi kowa kula. Tun fitowarsa a 1990 yake aiki da matsi mai yawa, kuma wasu bututun ba sa rungumar gindin kwanson duka, sai ya ɗan yi ciki a gefe ɗaya bayan harbi. Inji yana iya mayar da shi ya miƙe, amma wurin ya riga ya raunana. In da wanda zan ce a guji tsohon kwansonsa gaba ɗaya, shi ne. Haka kan da yake dalma tsirara babu lulluɓi: bututun da zanen cikinsa ba mai kaifi ba ne, irin na tsofaffin Glock, dalma tana taruwa a ciki ta matse hanya.

Maman Hanifa: Tunda an ambaci dalma bari in shigo, don nan ne aikina. Kuna ta maganar hannu da ido, ba ku yi maganar jini ba. Yawancin furaima akwai sinadarin dalma a ciki, kan harsashin da kuke kira FMJ, mai lulluɓin jan ƙarfe, ma gindinsa a buɗe yake, wuta na lasar dalmar. Duk harbi ƙura ce ke tashi ta sauka a hannu, da gemu, da riga, da takalmi. Mafi arahar sake-ɗuri kuma sau da yawa shi ne mai dalma tsirara. Ɗan Gusau, kai ba sai an gaya maka abin da dalma ke yi ba. A 2010 a Anka da Bukkuyum yara kusan 400 suka rasu, kuma a cikin gida abin ya same su, iyaye ne suka shigo da duwatsun zinare masu dalma ana daka su a tsakar gida. Ba ina cewa filin harbi ya kai can ba. Amma hanyar ɗaya ce, babba ya ɗauko ƙura ya kawo wa mai rarrafe. Likitoci sun ce babu adadin dalmar da ba ya cutar da yaro, ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma ba ta nuna alama da wuri.

Don Allah ku ware takalmi da riga na fili, a wanke su daban. A wanke hannu da fuska da sabulu kafin a ci komai, kafin a ɗauki yaro. Ba a cin abinci ko goro a kan layin harbi. Mai ciki kada ta shiga filin cikin ɗaki. Mai zuwa kowane mako ya ce wa likitansa a auna masa dalma a jini, gwaji ne mai sauƙi. Injiniya, kai da kake wanke kwanso a gida, da kai nake musamman.

Injiniya: Na karɓa, Hajiya. Na koma wanki da ruwa tun bara saboda ƙurar busasshen wanki, kuma yara ba sa shiga garejin. Gwajin jinin ne ban yi ba, zan yi in sha Allah. Ga masu son ragewa, ku nemi kwalin da aka rubuta TMJ, shi an rufe kan duka da jan ƙarfe har gindi. Syntech na Federal kuma da roba aka lulluɓe shi, furaimarsa babu dalma.

Ɗan Gusau: Hajiya, kin taɓo min inda yake ciwo. Ina gida lokacin. Ɗiyata watanta 14, kuma jakar fili a falo nake ajiye ta. Yau za ta koma but ɗin mota.

Tsohon Soja: Jakar kaya ta koma mota. Bindiga da harsashi kuma akwatin ƙarfe mai makulli, a cikin gida, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ba a barin bindiga ta kwana a mota, nan ɓarayi suka fi samunta. Garinku akwai laima, ka jefa 'yan ƙullin nan masu shan danshi a cikin akwatin.

Abu ɗaya kuma da babu jayayya a kansa ko da Injiniya: wanda za ka ajiye don tsaron gida ba a neman araha a kansa. Sabo, na babban kamfani, irin su Gold Dot na Speer ko HST na Federal. Ka harba kwali biyu ka tabbatar bindigarka tana cin sa, sauran ka ajiye. Muna roƙon Allah kada ranar amfaninsa ta zo.

Injiniya: Babu jayayya.

Ɗalibi: Salam. Ina bin zancen tun ɗazu. Ni karatu na zo yi a Ohio, abokaina suna ta gayyatata fili. In na sayi kwali ɗaya na bi su akwai matsala?

Sarkin Zaure: Akwai, babba ma. Dakata tukuna.

Ɗan Zango: Ƙanina, kada ka taɓa. Dokar tarayya ta hana wanda ya shigo da bizar zama na ɗan lokaci, irin ta karatu ko ziyara, riƙe bindiga ko harsashi, ko da aro ne a fili. Akwai 'yan togaciya, wadda aka fi sani ita ce mutum ya mallaki lasisin farauta mai aiki. Amma kada ka yi aiki da maganar zaure, ka ga lauyan shige da fice tukun. Kwali ɗaya yana iya cinye maka karatu da biza. Mai katin zama na dindindin hukuncinsa daban ne. Kuma kowa ya san dokar jiharsa. Mu nan New York tun Satumban 2023 sai an binciki sunanka kafin a sayar maka da harsashi, kuma ba a kawo maka oda ƙofar gida, sai ta hannun dila. A Illinois sai da katin FOID, na izinin mallakar bindiga. Abin da Ɗan Gusau zai yi a Texas cikin minti biyar, ni a Bronx ba zan iya ba.

Ɗalibi: Na gode ƙwarai, Yaya. Wallahi ban sani ba. Na fasa.

Alhajin Atlanta: Tunda an zo doka, ga wata da ta shafe mu duka masu zuwa gida da masu zuwa Umara. Jakar da ka taɓa kaiwa fili kada ta hau jirgi. Harsashin leda ya fi kowanne zubewa, ɗaya ya gangara ya shige ɗinki ka manta da shi. A 2024 an kama Amurkawa da dama a tsibirin Turks and Caicos saboda 'yan harsasan da suka manta a jaka, alhali dokar wurin a lokacin ta tanadi ɗaurin shekara 12. A Najeriya ma riƙe harsashi ba lasisi laifi ne. Ka yi tunanin a zaro shi daga jakarka a filin jirgin Kano ko Jidda, da wane baki za ka yi bayani?

Ɗan Maraɗi: Ka tuna min, Alhaji. Kan nan da na ce yana cikin jakata, a daren nan zan fitar da shi in sa a durowa. Watan gobe zan je Yamai.

Ɗan Gusau: Jama'a Allah ya saka da alheri. Na yaga katin. Zan ɗauki kwali ɗaya-ɗaya na Blazer Brass da PMC da Magtech in gwada, wanda ya yi sai in sayi akwati. Tambaya ta ƙarshe: ko da sabon, 150 kowane mako yana da nauyi. Akwai dabara?

Tsohon Soja: Akwai, kuma kyauta ce. Rage zuwa 50, amma kowane ɗaya ka san abin da kake gyarawa da shi. Sauran aikin a gida ake yi da bindiga babu komai a ciki. Ka fitar da harsashi duka daga ɗakin, ka duba mazauni sau biyu da ido da yatsa, ka fuskanci bangon da babu kowa a bayansa. Ɗora kwabo a kan silaid kusa da saitin gaba, ka ja kunama a hankali har ta sauka ba tare da kwabon ya faɗi ba. Minti 10 kullum. Ina da aiki a Houston mako na biyu na wata mai zuwa, in kana gari ranar Asabar mu haɗu a fili da safe. Ka zo da kwalayen uku, zan zo da sandar tagulla in nuna maka yadda ake leƙa bututu.

Ɗan Gusau: Ina gari, Baba. Zan turo maka adireshin filin ta akwatinka.

Injiniya: Ku ajiye min kwanson da kuka harba, kada ku bar wa tsintsiya. Wannan na san sau ɗaya ne.